Waiwaye: Tun Yaushe Takin Zamani Ya Fara Barin Sawu a Ruwa?

Duk sanda aka auna ruwan sha a yankin noman masara na Amurka aka tarar naitiret, wani sinadari mai ɗauke da naitirojin, ya wuce kima, sai cacar baki ta ɓarke. Mutanen gari su ce daga gonaki ne, manoma su ce magudanan bayan gida na birane ne. Ana ta yi kamar jiya abin ya faro.

Farkon labarin sananne ne. A 1909 masanin kimiyya Bajamushe Fritz Haber ya gano dabarar kamo naitirojin, sinadarin da ake yin takin zamani da shi, daga iska, a 1913 aka fara sarrafa shi a masana'anta a Jamus, bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuma taki ya mamaye gonaki.

Abin da aka cika mantawa shi ne 1971. A shekarar ne masana kimiyya Daniel Kohl da Georgia Shearer da Barry Commoner suka fitar da bincikensu kan Kogin Sangamon a jihar Illinois. Naitirojin iri biyu ne: mara nauyi, N-14, da mai ɗan nauyi, N-15, wanda bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari na naitirojin da ke iska ba. Takin zamani daga iska ake yin sa, don haka ma'aunin N-15 ɗinsa kusan na iska ne. Kashin mutum da na dabba kuwa N-15 ya fi yawa a cikinsu. Ashe ruwa na iya faɗin wanda ya ziyarce shi. Da wannan suka ƙiyasta cewa lokacin da naitiret ya kai ƙololuwa a 1970, aƙalla kashi 55 zuwa 60 cikin ɗari daga taki yake.

Masana ƙasar noma suka yi musu ca, kuma suna da hujja: ƙwayoyin bakteriya sun fi cin mara nauyin, su bar mai nauyin, sai lissafi ya karkace. Daga baya aka gyara dabarar, aka haɗa da awon oksijin. Sai dai a ganina musu kan ma'auni ya cinye shekarun da ya kamata a yi ana duba yawan buhunan da ake zubawa.

A 2011 wani bincike kan laka daga ƙasan tafkuna 25 da ke nesa da gari da gona, a arewacin duniya, ya nuna ma'aunin N-15 ya fara sauyawa tun wajen 1895, zamanin hayaƙin kwal, sannan ya ƙara gudu bayan 1950, lokacin da taki ya mamaye gonaki.