Garin nano a batirin litiyom

Garin nano shi ne sinadarin da aka mai da ƙwayoyinsa ƙanana ƙwarai, galibi ƙasa da nanomita 100, don a shafa shi a katod ko anod, wato ɓangarori biyu na batirin litiyom da ke karɓar caji su sake shi. Nanomita miliyan ɗaya ne ke cika milimita guda. Dalilin niƙan bai da wuyar fahimta ga wanda ya san gari ya fi tsaki saurin shan ruwa: idan ƙwaya ta ƙanƙance, litiyom ba ya yin doguwar tafiya kafin ya kai cikinta.

Tarihi

Stanley Whittingham ne ya fara gwada batirin litiyom mai caji a kamfanin Exxon a shekarun 1970. John Goodenough ya samo katod na litiyom da kobal, wani nau'in ƙarfe, a Jami'ar Oxford a 1980, Akira Yoshino ya haɗa samfurin da ya fi aminci a Japan a 1985, sannan Sony ta kai shi kasuwa a 1991. Su ukun suka raba kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2019.

Maganar nano ta yi ƙarfi ne bayan 1997, lokacin da Goodenough da ɗalibansa a Texas suka bayyana fosfet na litiyom da ƙarfe, wani sinadarin katod da ake kira LFP. Yana da araha, ba shi da saurin kama wuta, amma lantarki ba ya ratsa shi sosai. Wajen ƙarshen shekarun 1990 zuwa farkon 2000 aka shawo kan wannan ta hanyar rage girman ƙwayoyin da lulluɓe su da siririn kabon, sinadarin da ke cikin gawayi. An yi shari'o'i kan mallakar fasahar.

A ɓangaren anod kuwa, silikon, sinadarin da ake samu daga yashi, yana iya ɗaukar litiyom kusan ninki goma na girafait, baƙin da ke cikin fensir wanda aka saba sawa a anod, sai dai yakan kumbura wajen ninki uku ya farfashe. An lura ƙwayoyin da ba su kai nanomita 150 ba sun fi jure kumburin.

Yadda ake yi

Ko a niƙa sinadarin cikin ganga mai juyawa da ƙwallaye masu tauri, ko a narkar da shi a ruwa a dafa cikin rufaffiyar tukunya mai matsi har ƙwayoyin su tsiro. Daga nan a gasa garin a tanda da ba iskar oksijin, a kwaɓa shi da abin ɗanko, a shafa a takardar alminiyom ko ta tagulla.

Illa

Gari mai laushi yakan dunƙule, kuma yana cin ruwan batir fiye da mai gauri.

A Maradi

Batiran litiyom suna shigowa a haɗe, cikin salula, fitilun sola da batiran ajiye wutar sola. Buƙatarsu ta ƙara fitowa fili a Agustan 2023, da Najeriya ta yanke kuran ɗin da take bai wa Nijar. LFP ya fi nau'in kobal jure zafi irin na bazara.