Kuɗin Fiton Ƙarafa na Amurka, 2002

Kuɗin fiton ƙarafa na 2002 haraji ne da shugaban Amurka George W. Bush ya ɗora wa ƙarafan da ake shigowa da su ƙasar daga waje. An sanar da shi ranar 5 ga Maris, ya fara aiki ranar 20 ga watan. Harajin ya kama daga kashi 8 zuwa kashi 30 cikin ɗari, gwargwadon irin ƙarfen. An shirya zai yi shekara uku, amma ko biyu bai cika ba.

Tun ƙarshen shekarun 1990 masana'antun ƙarafa na Amurka ke cikin tasku. Ƙarfe mai araha na ta kwararowa daga Asiya da Rasha, ga kuma nauyin fansho da kuɗin asibitin tsofaffin ma'aikata. Kamfanoni sama da 30 suka karye, har da Bethlehem Steel, wanda ya durƙushe a Oktoban 2001. Gwamnati ta fake da sashe na 201 na dokar ciniki ta 1974, wanda ya yarda a kare masana'antar gida na ɗan lokaci idan kayan waje suka yi mata mummunar illa. An tsame Kanada da Meziko saboda NAFTA, wato yarjejeniyar ciniki ba shinge da ke tsakaninsu da Amurka a lokacin, haka ma akasarin ƙasashe masu tasowa.

Abin mamakin shi ne, Bush ɗan jam'iyyar Republican ne mai ikirarin goyon bayan ciniki ba shinge. Sai an duba taswirar zaɓe ake gane zancen. Da yawa daga cikin masana'antun suna jihohin Pennsylvania da Ohio da West Virginia ne. A zaɓen 2000 Bush ya ci biyun ƙarshe, ya faɗi a ta farko, kuma yana neman duka ukun a gaba.

Ita ma Tarayyar Turai taswirar nan ta karanta. Bayan ta kai ƙara Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya, wato WTO, tare da Japan da Sin da Koriya ta Kudu da wasu, sai ta tanadi ramuwar gayya a kan kayan Amurka na kimanin dala biliyan 2.2. Ba da ka aka zaɓi kayan ba: akwai lemon Florida, jihar da ƙuri'u 537 kacal suka raba gardama a cikinta a 2000, akwai kuma tufafin jihohin Carolina.

A cikin gida ma ba a sha da daɗi ba. Masu sayen ƙarfe su ƙera kayan mota da injuna, waɗanda ma'aikatansu suka ninka na masu narka ƙarfen sau da yawa, sun koka da tsada, musamman a Michigan.

A Yulin 2003 WTO ta ce harajin ya saɓa ƙa'ida, sashen ɗaukaka ƙara kuma ya tabbatar da hukuncin ranar 10 ga Nuwamba. Ranar 4 ga Disamba Bush ya janye shi, yana mai cewa ya riga ya biya buƙata.

Da Donald Trump ya sa harajin kashi 25 a kan ƙarafa a Maris ɗin 2018, bai bi ta sashe na 201 ba. Ya ɗauko sashe na 232 na wata doka ta 1962, wanda hujjarsa tsaron ƙasa ce.