Waiwaye: Dalilin da Ya Sa Aka Haɗa Kundin Past Masters na Beatles

A Ingila ta shekarun 1960 faifan garmaho iri biyu ne suka fi tafiya. Akwai ƙarami mai inci 7, yana juyi 45 a minti, waƙa ɗaya gaba ɗaya baya. Akwai babba mai inci 12, wanda Beatles, ƙungiyar mawaƙan Ingila, kan zuba wa waƙoƙi 14. Galibi waƙar da suka fitar a ƙarami ba sa maimaita ta a babba, don kada masoyi ya saya sau biyu. Adalci ne, amma ya bar baya da ƙura: "She Loves You" da "Hey Jude" ba su shiga ko ɗaya cikin kundayen da ƙungiyar ta yi wa Ingila ba.

A 1987 kamfanin faifai na EMI ya mayar da kundayen kan CD, sai giɓin ya fito fili. Mark Lewisohn, masanin tarihin ƙungiyar, ya tattaro abin da ya rage, waƙoƙi 33, aka fitar da su ranar 7 ga Maris 1988 a faifai biyu da sunan Past Masters. Ciki har da biyu da suka rera da Jamusanci, da huɗu na aro: "Long Tall Sally" ta Little Richard, "Matchbox" ta Carl Perkins, sai "Slow Down" da "Bad Boy" na Larry Williams.

Inda gizo ke saƙa shi ne tef ɗin asali. "Love Me Do" sau biyu aka ɗauke ta a Satumbar 1962. Ranar 4 Ringo Starr, makaɗin ƙungiyar, shi ne a kan ganga, ranar 11 kuwa aka ɗauko Andy White, wani makaɗi daga waje, aka miƙa wa Ringo tamburin, 'yar gangar hannu mai kacau-kacau. Ta Ringo ce ta fara fita kasuwa, amma daga baya aka lalata tef ɗinta, abin takaici. Dole aka nemo tsohon ƙaramin faifai mai lafiya aka kwafo daga jikinsa, shi ya sa sautinta bai kai na sauran tsabta ba. Mai son bambancewa ya kasa kunne: in babu kacau-kacau, ta Ringo ce.

"She Loves You" ma tef ɗinta mai layi biyu ya ɓata, don haka ko da aka sake tace kundin aka fitar ranar 9 ga Satumba 2009, a sauti mai hanya ɗaya aka bar ta, wato ba a raba shi hagu da dama ba.