Furosfek a Wasan Besbol: Yadda Ake Auna Musayar Matashin Mai Jifa

Duk ƙarshen watan Yuli, lokacin da kasuwar musayar 'yan wasa ta gasar MLB ta Amurka ke gab da rufewa, sai ka ji wata ƙungiya ta ba da gwaninta ta karɓi yaro ɗan shekara 20 da ko magoya bayanta ba su san sunansa ba. Irin wannan yaro ake kira furosfek: ɗan wasan da ke hannun ƙungiya, yana buga ƙananan gasanni, ana kuma kyautata zaton zai kai babbar gasa. Sunan ba ya bin mutum har abada. Da zarar mai jifa, wato wanda ke jefa wa mai bugu ƙwallo, ya wuce zagaye 50 a MLB (wasa ɗaya zagaye tara ne), ko kwana 45 cikin jerin masu buga wasa, ya fita daga sahun. A besbol ba a cika sayen ɗan wasa da tsabar kuɗi kamar a ƙwallon ƙafa ba. Mutum ake bayarwa a karɓi mutum, shi ya sa waɗannan yara suka zama kuɗin kasuwar.

Abin da ƙungiya ke saye a zahiri shekaru shida ne. Ɗan wasa ba ya samun 'yancin zaɓar inda zai je sai ya cika shekara shida a babbar gasa, kuma a ukun farko albashinsa bai cika nisa da mafi ƙaranci ba, wanda ya kai dala 760,000 a 2025. Ƙwararren mai jifa kuwa yana iya cin sama da dala miliyan 30 a shekara. To in gwanin da aka bayar saura wata biyu kwantiraginsa ya ƙare, cinikin ke nan wata biyu na tabbas da shekara shida na wataƙila.

Kuskuren da aka fi yi shi ne fara duba yawan wasannin da yaron ya ci, ko ERA ɗinsa, wato matsakaicin makin da ake ci a kansa cikin zagaye tara. A ƙananan gasanni waɗannan alƙaluma maƙaryata ne. Masu tsaron bayansa ba su goge ba, koci na iya tilasta masa yin jifan da bai iya ba don ya koya, filin ma yana da nasa. A Albuquerque da Reno da Salt Lake, garuruwan kan tudu inda iska ba ta da kauri, ƙwallo ba ya lanƙwasa sosai, in an buga shi kuma sai ya yi nisa. Yaro mai ERA 5 a can yana iya fin mai 3.50 a wani filin.

Masu farautar 'yan wasa hannu suke kallo. Suna ba kowane irin jifa maki daga 20 zuwa 80, inda 50 ke nufin matsakaicin ɗan babbar gasa, 60 ya fi matsakaici, 80 kuwa sai a daɗe ba a gani ba. Jifan gudu ake fara aunawa. Matsakaicinsa a MLB yanzu wajen mil 94 ne a awa, kusan kilomita 151, amma gudu kaɗai ba ya wadatarwa, don jifan mil 98 da ya zo a miƙe abinci ne ga gogaggen mai bugu. Ana duba yadda ƙwallon ke juyawa, da inda hannu ke sakinsa, da kuma ko gudun yana nan a zagaye na shida kamar yadda yake a na farko. Sai jifa mai lanƙwasa, sai na yaudara, wanda hannu ke fitowa da ƙarfi amma ƙwallon ya iso a hankali.

Wannan na ukun shi ke raba gardama. Mai irin jifa biyu kacal yakan ƙare a matsayin mai karɓar canji, a kira shi ya yi zagaye ɗaya ya koma benci. Wanda zai buɗe wasa sai ya gamu da kowane mai bugu sau biyu ko uku, kuma a karo na uku an gama karance shi in ba shi da wani abu a ajiye. Darajar mai buɗe wasa ta ninka ta mai canji, don haka in rahoto ya ce ana shakkar jifan yaro na uku, a rage farashin tun daga nan.

In dole sai an duba alƙaluma, biyu ne masu amfani: kason masu bugun da ya fitar da jifansa, da kason waɗanda ya bai wa tashar farko kyauta saboda jifansa ya kauce wa akwati, wato yankin da ya kamata ƙwallo ya bi a gaban mai bugu, sau huɗu. A babbar gasa na farkon yana wajen 22 cikin ɗari, na biyun wajen 8. Yaron da ke kyautar da 13 cikin ɗari a ƙasa bai iya saiti ba, kuma saiti ya fi gudu wuyar koyarwa. A haɗa wannan da shekaru da mataki. Tun gyaran 2021 kowace ƙungiya tana da manyan matakai huɗu a ƙananan gasanni, daga ƙasa zuwa sama: Single-A, High-A, Double-A da Triple-A. Ɗan shekara 24 da ke razana yara a Single-A bai nuna komai ba. Ɗan 20 da ke shan wuya a Double-A, inda masu bugu suka daina bin kowane ƙwallo, shi ne abin kallo.

John Smoltz haka yake a Agustan 1987: shekara 20, a Double-A, ya ci wasa 4 ya faɗi 10, ERA 5.68. Detroit Tigers ta miƙa shi ga Atlanta Braves ta karɓi Doyle Alexander mai shekara 36. Alexander ya ci wasa 9 babu faɗuwa ko ɗaya, Detroit ta lashe rukuninta, sannan Minnesota ta fitar da ita. Smoltz ya ci kyautar Cy Young, ta gwarzon mai jifa na shekara, a 1996, ya shiga zauren gwanaye a 2015. Ana yawan kiran wannan wauta, amma Detroit ta samu abin da ta je nema a lokacin. Atlanta ce dai ta kalli hannun yaron ta ƙyale takardarsa.

Sai babbar matsalar, gwiwar hannu. Jifa da irin wannan ƙarfi yana tsinka jijiyar cikin gwiwar, gyaranta kuma shi ne tiyatar Tommy John, wadda Dakta Frank Jobe ya fara yi a 1974. Jinyar takan ci wata 12 zuwa 18. Ciwon kafaɗa ya fi wannan muni, don ba kowa ke dawowa daidai ba. A Yulin 2016 Boston Red Sox ta ba San Diego Padres Anderson Espinoza, ɗan Benezuwela mai shekara 18 da ake sa shi cikin fitattun yara masu jifa, ta karɓi Drew Pomeranz. An yi wa Espinoza tiyatar a 2017, aka sake a 2019, ya yi kaka huɗu bai buga wasan gasa ba. A wannan cinikin dai MLB ta dakatar da babban manajan Padres kwana 30 kan ɓoye bayanan lafiyar Pomeranz. Ba a banza ƙungiyoyi ke cewa musaya ba ta kammala ba sai likitoci sun duba fayil. Ba a banza ba kuma mai wayo ya fi son karɓar yara uku matsakaita a kan fitacce guda ɗaya.

Akwai kuma wani abu da 'yan kallo ke mantawa. Yaron da aka ɗauka yana da shekara 18 ko ƙasa, bayan kaka biyar dole a sa shi cikin jerin mutum 40 na ƙungiya. Wanda aka ɗauka yana 19 ko sama, bayan huɗu. In ba a sa shi ba, wata ƙungiya na iya ɗauke shi a zaɓen Rule 5 na watan Disamba a kan dala 100,000. Don haka in ka ga an saki yaro mai kyau da sauƙi a Yuli, duba shekarar da ya sa hannu. Sau da yawa jerin ƙungiyarsa ne ya cika, ta gwammace ta karɓi wani abu yanzu da a ɗauke shi da arha a Disamba.