Tarkon haske na malam-buɗe-littafin dare

Tarkon haske na'ura ce da ake kafawa a lambu ko bakin gona domin kama malam-buɗe-littafin dare da ransa, a tantance jinsinsa, a rubuta, sannan a sake shi. Waɗannan ƙwari, waɗanda asu mai cin tufafi yake cikin danginsu, sun kai kimanin jinsi 160,000 a duniya, kuma mafi yawansu ba sa yi wa amfanin gona wata illa.

Ginin tarkon ba shi da wuya. Ana ɗora fitila a kan mazurari, a saka mazurarin a bakin bokiti ko akwati, a jera kiret ɗin ƙwai na kwali a ciki domin ƙwarin su sami lungun fakewa har gari ya waye. Samfurin da ya fi shahara shi ne na Robinson, wanda aka ƙirƙiro a Ingila a shekarar 1950, amma farin zane da fitilar sola ma suna wadatarwa. Binciken da aka buga a 2024 ya nuna cewa ƙwaro yana karkata bayansa zuwa wajen haske ne bisa zaton sama ce, sai ya yi ta kewaye fitilar.

A Bauchi da Gombe, kaka ce lokacin da aikin ya fi armashi, wato daga ƙarshen Satumba, lokacin da ruwa ke ɗaukewa kuma dawa da wake ke nuna. Daren da ya yi duhu da ɗumi, babu iska, ya fi kawo ƙwari. Farin wata kan rage su, haka ma sanyin hunturu. Wajibi ne a duba tarkon da asuba, kafin tsaka da tururuwa su riga mai shi.

Rubutun, a gaskiya, ya fi kamun muhimmanci. Ana shigar da kwanan wata, wuri, yanayin dare da adadin kowane jinsi, tare da hoton fukafukai, domin wasu jinsunan sai an ƙura ido sosai ake bambance su. Irin wannan littafi ne ke nuna wa manomi zuwan Maruca vitrata, uwar tsutsar da ke huda kwanson wake, ko Spodoptera frugiperda, wadda ta fito daga nahiyar Amurka, aka fara ganin tsutsarta a Najeriya a 2016, kuma tsutsar take cinye zuciyar masara tun masarar tana ƙarama.