Waiwaye: daga ina gardamar katakon falet ta taso a Sakkwato?

Kwanakin nan in 'yan kasuwa da kafintoci suka zauna hira a Sakkwato da wuya a tashi maganar falet ba ta shigo ba, wato katakon nan da ake jera kaya a kansa cikin kwantena ko sito. Kafinta na kukan ya yi tsada, abin da a da ake roƙonka ka kwashe ka rage masu tarkace yanzu sai an yi ciniki. Wasu na cewa bai kamata a bar masu gidan burodi da masu tuya suna hura wuta da shi ba don akwai magani a jikinsa, masu manyan kaya kuma na cewa nasu ne a maido masu da abinsu. Kowa na magana kamar bana aka fara, alhali abin ya daɗe yana tahowa.

Farkon labarin ba wani ɓoyayye ba ne. Lokacin yaƙin duniya na 2 ne sojojin Amurka suka yawaita aiki da falet tare da motar ɗaga kaya mai ƙahoni biyu, da aka gama yaƙi suka bar tulin kayan a Ostireliya, daga nan tsarin hayar falet na CHEP ya samo asali, wanda ya koma hannun 'yan kasuwa a 1958, shi ne mai shuɗin fenti kuma har gobe haya ake ba da shi ba sayarwa ba. A 1956 jirgin kwantena na farko ya tashi a Amurka. A 1961 kamfanonin jirgin ƙasa na Turai suka yarda da awo guda, santimita 120 da 80, ka kawo kaya a kan falet a ba ka wani fanko ka koma da shi, kamar dai yadda muke mayar da kwalbar lemo kafin a ba mu wata.

Mu nan ba mu taɓa shiga wannan zagayen ba. Layin dogo iyakarsa Ƙaura Namoda tun 1929, bai iso Sakkwato ba, kayanmu tirela ke kawo su daga Legas tafiyar kusan kilomita 1,000, kuma buhu da 'yan dako muka sani. Tirelar da ta sauke kaya za ta koma kudu da albasa ko shanu, wane direba zai ba katakon banza wuri? Saboda haka falet in ya iso Sakkwato ya iso ke nan. Kuma wallahi mutanenmu ba su yi asarar shi ba, an yi benci da teburin tireda da kejin kaji, masu shago sun shimfiɗa shi ƙarƙashin buhunan siminti da shinkafa don kada lemar damina ta taɓa su. Wannan sake amfani ne na gaske tun kafin a fara yi mana lacca a kai.

Amma inda nake ganin lamarin ya juya, kuma ban ji ana ambatonsa a gardamar ba, shekarar 2002 ce.

A 1996 an gano wani ƙwaro mai dogayen ƙahoni a birnin New York, asalinsa daga gabashin Asiya, yana cin itatuwa daga ciki har su mutu, kuma cikin katakon ɗaurin kaya ya shigo. A 1999 wata tsutsa mai kashe itacen fain ta ɓulla a Fotugal. Sai ƙasashe suka gane cewa ɗanyen katakon da ake bugawa cikin gaggawa a ɗora kaya yana yawo da ƙwari daga nahiya zuwa nahiya. Shi ne a 2002, ƙarƙashin yarjejeniyar kare tsirrai ta duniya da ke hannun hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, aka fito da ƙa'idar da ake kira ISPM 15. Abin da ta ce shi ne duk katakon da zai tsallaka iyakar ƙasa ɗauke da kaya sai an kashe abin da ke cikinsa, ko dai a gasa shi har tsakiyar katakon ya kai zafin digiri 56 na tsawon minti 30, ko a turara shi da iskar guba mai suna methyl bromide. Bayan nan a buga masa hatimi, da alama mai kama da zangarniyar alkama, da haruffa biyu na ƙasar da aka yi aikin, da lambar wanda ya yi, sai HT in gashi ne ko MB in turarawa ce.

Ƙa'idar tana da dalili mai kyau, mu da hamada ke matso mu mun fi kowa sanin darajar itace. Sai dai daga wannan lokacin falet ya rabu gida biyu, akwai mai hatimi da zai iya fita waje da kaya, akwai kuma wanda katako ne kawai. Kuma ga inda abin ya shafi kafintan Sakkwato kai tsaye: da aka sabunta ƙa'idar a 2009 an fayyace maganar gyara, in abin da ka canza bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba to dole sabon katakon da ka sa ya zama shi ma gasasshe ne mai hatiminsa, in ya wuce haka sai a goge tsohon hatimi a sake gasa falet ɗin gaba ɗaya. Ma'ana kafinta zai iya cire karyayyen allo ya buga sabo da ƙusa aiki ya yi kyau har ya fi na da ƙarfi, amma a ƙa'ida wannan falet ɗin ya fita daga sahun masu tsallaka boda. Gwanintar hannu tana nan, abin da ya rage shi ne ɗakin gashi da izinin buga hatimi, waɗannan kuma jari suke so ba guduma ba.

Ni a ganina nan asarar take. A ƙasashen da suka ɗauki abin da muhimmanci gyaran falet ya zama sana'a mai zaman kanta, a tara, a ware mai kyau da mai rauni, a gyara, a mayar kasuwa, wanda ya mutu sarai a niƙe shi a yi shimfiɗar dabbobi ko makamashi. Falet ɗin Turai guda allo 11 ne da gungume 9 da ƙusa 78, yana ɗaukar kilo 1,500, abu ne da aka yi don ya yi shekaru yana zirga-zirga. Mu kuwa mai hatimi lafiyayye da ruɓaɓɓe duk tuli ɗaya ake sayar da su, mai saye ma bai duba gefen ba balle ya san HT da MB ba ɗaya ba ne, sau da yawa hatimin ne farkon abin da ake kankarewa don benci ya yi kyau.

Maganar ƙonawa ma daga nan ta samo tushe. Mai HT zafi kawai ya sha. Mai MB kuwa iskar da aka sa masa guba ce, tana cikin abubuwan da yarjejeniyar Montreal ta sa a rage saboda illarta ga sararin samaniya, Tarayyar Turai ta daina amfani da ita tun 2010, shi ya sa ake shawartar kada a kai shi kusa da abinci. Kuma ko mai HT ne, ba ka san abin da ya ɗauko a hanya ba, taki ne ya zube a kai ko maganin feshi ko fenti, katako kuma yana tsotsa. Uwa da ke dafa wa 'ya'yanta tuwo ba za a ga laifinta ba don ta sayi abin da ya fi icce araha.

Abin da ya biyo baya kowa ya gani da idonsa. Gas ya yi tsada, icce ya yi tsada, katakon da ake kawowa daga kudu kuɗin dizal ya hau kansa, sai kafinta da mai burodi da mai sito suka dawo neman abu guda a lokaci guda. Wasu manyan sito sun fara komawa falet na roba, shi ba ruwansa da ƙa'idar gashi kuma ba ya shiga murhu, amma in ya tsage kafinta ba shi da abin da zai yi masa. Mai son fitar da albasa ko fata ko riɗi zuwa ƙasar da ke duba hatimi kuwa, falet ɗin da zai buƙata a tashar ruwa wataƙila irinsa ne aka faskara jiya a unguwarsu.