Kuɗin inshorar rai ba ya cikin gado idan an rubuta suna

A Damagaram, da zarar an yi sadakar uku, sai ka ji kawu ko yayan mamaci ya ce: "Hajiya, kuɗin inshorar nan fa a haɗa da gida da gona a raba." An daɗe ana ɗauka haka ne daidai. A doka ba haka ba ne.

Nijar na bin dokar inshora ta CIMA (ƙungiyar da ke tsara harkar inshora a wasu ƙasashen Afirka), wadda ƙasashen suka rattaba wa hannu a Yawunde a 1992. Dokar ta ce idan mamaci ya rubuta sunan wanda za a ba kuɗin, to haƙƙin wannan mutumin ne, ba ya shiga dukiyar gado. Kamfani zai biya shi kai tsaye, ko taron dangi ya so ko bai so ba. Sai idan ba a rubuta kowa ba ne kuɗin ke komawa gado.

Abin da ke ci mini rai shi ne a kira mace mai takaba "maciyar gado" kan takardar da mijinta ya sa wa hannu da ransa. Mai son jin hukuncin addini ya tambayi malamai, amma kamfani takarda yake dubawa.